Madarar Barira

A shekarar da damina ta yi wa ƙasar Mayahi rowa, hatsi ya bushe a tsaye tun bai kai gwiwa ba, mutum guda ne a garin aka ga tumbinsa na ƙaruwa, shi ne Mai Nasara mai rumfar abinci. Sojoji ke mulki a lokacin, kowa sai ya tauna magana kafin ya furta, saboda haka ba wanda ya tambaye shi inda yake samo kitsen. Sai dai a ce, "Mai Nasara, jiki ya yi kyau." Shi kuma ya shafa ciki ya ce, "Rufin asirin Allah ne."

Rumfar tasa tana tsakanin tasha da lakwal, wato makarantar boko, kuma baki biyu gare ta. Bakin da ke kallon tasha na direbobin kamiyo ne, manyan motocin da ke kawo hatsin agaji, nan ake shayi da fanke. Bakin da ke kallon lakwal na yara ne, nan matarsa Zara'u ke sayar da koko idan an sake su da hantsi. Kokon nan in ka leƙa cikin ƙwarya kana iya ganin fuskarka har ka gyara hula. Sai ta watsa masa tsamiya da barkono don harshe ya ɗauka an sha wani abu. Idan wata uwa ta yi ƙorafi, Zara'u ta ce, "Ke ba ki sani ba, abu mai kauri barci yake sa yaro cikin aji."

A gidansu akwai Barira, ɗiyar Salifu ƙanen Mai Nasara, 'yar shekara huɗu. Uwarta ta rasu a garin Mairairai, uban ya kawo ta hannun yayansa ya tafi kurmi neman abin da za a ci. Yarinya ce mai surutu, ko kaza ta gifta sai ta tambaye ta inda za ta.

Da yunwa ta tsananta sai aka buɗe wurin awon yara a bayan gidan likita. Duk yaron da ma'auni ya nuna ya rame, a ba uwarsa garin madara da mai da garin kunu, ta dawo wani satin a sake aunawa. Zara'u ta kai Barira, ta dawo da kaya niƙi-niƙi a ka.

Mai Nasara ya kwance ƙullin madarar, ya tsoma yatsa ya lasa. Ya lumshe ido, ya sake tsomawa.

"Duk wanga na yarinyar ga ne?"

"Haka suka ce, Malam."

"Haba! Cikin nata nawa yake? Ai wanga ɓarna ce, Allah ba shi son almubazzaranci."

Washegari shayin rumfar ya yi fari fat, fanke ya fara naso a takarda. Kafin sati ya zagayo labari ya kai har Tasawa cewa a Mayahi akwai mai shayin da cokali ke tsayawa a kofinsa. Direbobi suka daina tsayawa ko'ina sai nan. Wani direba da ake kira Jatau ya taɓa tambayarsa, "Ina kake samun madara haka a shekarar da saniya ba ta iya tashi tsaye?" Mai Nasara ya ce, "Ina da wata 'yar karsana a gida." Aka yi dariya.

Karsanar kuwa kokon 'yan lakwal ake ba ta, wanda ya yi saura. Ranar farko ta ga ana ɗura madara a gwangwani ta miƙa hannu, Zara'u ta buge hannun.

"Madara zawo take sa ki. So kike ki mutu a ce ni na kashe ki?"

Barira ba ta taɓa ɗanɗana madarar ba balle ta san abin da take sa ta, amma ta janye hannu.

Da aka koma awo, Madam A'isha, malamar likitar da ke kula da wurin, ta duba ma'auni ta yamutsa fuska. "Yarinyar nan ba ta ƙaru ba. Kina ba ta abin da muka ba ki?"

Zara'u ta kama gefen mayafi ta share idon da babu hawaye. "Madam, ina ɗura mata kamar tulu. Marainiya ce, kewar uwa ke cin ta."

A bayan Zara'u mata sun yi layi har bakin hanya, kowace da yaro a kafaɗa kamar tsumma. Madam A'isha ba ta da lokacin bincike, ta ƙara mata mai, ta ce a kula.

Nan ne Mai Nasara ya gane lissafin. Ramar yarinyar ita ce gonarsa da ta yi kyau bana. In ta yi ƙiba, an rufe rumbu. Bai faɗa da bakinsa ba, shi mutum ne mai tsoron Allah, sahun gaba yake salla. Abin da ya ce wa matarsa kawai shi ne, "Jajibirin awo kar ki cika mata ciki, kar ta yi amai a gaban mutane mu ji kunya." Zara'u kuma mace ce mai biyayya. Daga ranar, duk jajibirin awo Barira azumi take yi, ba sahur.

Surutun ne ya fara tafiya. Ta daina tambayar kaji, ta daina bin yaran maƙwabta zuwa wasan 'yar tsana. Sai ta sami gindin rumbun da babu komai a ciki ta zauna, ta haɗa kai da gwiwa. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, in an taje shi ya biyo mataji. Wata maƙwabciya ta yi magana, Zara'u ta ce, "Gado ne, dangin uwarta da jinin Buzaye." Gefen bakinta ya tsage, aka ce sanyi ne. Ta fara kuka marar sauti, aka ce halin uwarta ne, ita ma haka take da baƙin rai.

Wani lokaci abin yakan taɓa Zara'u. Ta taɓa ɗebo cokali guda na madara za ta zuba wa yarinyar a koko, Mai Nasara ya shigo.

"Mi kike yi?"

"Malam, na ga jikin nata..."

"Ke, zauna in gaya miki. Rumfar ga ita ke ciyar da mu, ko ba haka ba? Mu kuma mu ke ciyar da ita. To in madara ta shiga rumfa, ina ta tahi? Ai wurinta ta koma, ta dai biyo doguwar hanya ne."

Zara'u ta juya maganar, ta ga kamar da gaskiya a ciki, ta mai da cokalin cikin gwangwani.

Ana nan sai ƙafafun Barira suka fara cika. Kumatu suka taso, fatar ido ta yi nauyi. Zara'u ta gani, ta ruga wurin mijinta.

"Malam, mun shiga uku! Yarinyar ga ƙiba take yi. In Madam ta gan ta haka, sallamarta za ta yi."

Mai Nasara ya duƙa ya dube ta sama da ƙasa. "Sata take yi. Ke, gaya mini, mi kike ci a ɓoye?"

Barira ta ɗago ido da ƙyar ta ce, "Ba komi, Baba."

"Ji ƙarya! Ga shaida a kumatunki."

Aka ɗauke tukwane aka rataye a sama, aka rage mata kokon. Amma in ya fita rumfa, wannan kumburin ne abin alfaharinsa. "Ku je ku ga ɗiyar Salifu," yake ce wa mutane, "kumatu kamar na ɗiyar sarki. Riƙon maraya sai mai zuciya."

A cikin kwanakin nan Madam A'isha ta fara bin rumfunan abinci ɗaya bayan ɗaya. Ta lura yaran lakwal da yawa abin da suka saya da hantsi shi ne abincinsu har rana ta faɗi. Roƙonta bai da yawa: a daka ƙuli-ƙuli a zuba cikin koko, a sa ɗan garin wake, mai dambu ta ƙara zogale, a daina yi wa yara wanka da ruwan tsamiya ta ciki. Wata ta ce ƙuli-ƙuli ya yi tsada. Wata ta ce yaran ba su saba ba. Da Madam ta gaji sai ta kai maganar buro, ofishin hukuma, aka yi shela cewa ranar kasuwa Kapiten, sojan da ke riƙe da garin, zai zagaya da kansa ya ɗanɗana abin da ake sayar wa yara, kuma wanda ya fi kowa gyara shi za a naɗa shugaban masu abinci.

Mai Nasara ya ji kalmar shugaba, kunnensa ya motsa. Ya tara masu rumfuna ya yi musu wa'azi. "Ku ji tsoron Allah! Yaro amana ne. Wanda ya cuci yaro a ciki, ina zai sa kansa gobe kiyama?" Har wata tsohuwa mai ƙosai ta yi ƙwalla.

Ranar kasuwa Zara'u ta dama kunu iri biyu. Na Kapiten, mai kauri da madara da ƙuli-ƙuli, aka kai rumfa. Na kullum aka bar shi cikin gida, a fito da shi in motar soja ta wuce. Barira ma aka bar ta cikin gida, aka jawo ƙyaure.

Abin da bai shiga lissafin Mai Nasara ba shi ne Rakiya. Ɗiyar kawunsa ce, wato taubashiyarsa, tana zaune a Kanambakashe, tana kawo ƙuli-ƙuli da busasshen zogale kasuwa. Tsakanin taubasai kuwa babu shamaki: ta zage shi a gaban surukansa, in ya yi fushi shi ne abin dariya. Tun suna yara bakinta yake tsoro. Rabonta da Mayahi tun kafin a kawo Barira, don jakinta ya mutu, sai ranar ta sami na aro.

Ta tura ƙyaure tana kira, "Ina bawan gidanmu? Fito ka ɗauki kayan uwargijiyarka!" Ba wanda ya amsa. Sai ta hangi yarinya a gindin rumbu.

"Wa nake gani kamar ɗiyar Salifu? Barira?"

Yarinyar ta ɗago ta dube ta. Rakiya ta durƙusa, ta danna babban yatsa a bayan ƙafarta, ta ɗauke. Ramin ya zauna bai ciko ba. Ita ma ta binne ɗa a yunwar da ta gabata, ta san wannan ƙibar.

"Mi kika ci yau, uwata?"

"Inna ta ce gobe awo."

Rakiya ta shafa kan yarinyar. Sannan ta tashi ta leƙa ɗaki, ta ga gwangwanayen madara da na mai a jere a bayan gado, ta buɗe tukunyar da ke tsakar gida ta ga kokon. Ta tauna ƙuli-ƙuli ta sa wa yarinyar a baki, ta goya ta, ta cika ƙwarya da kokon nan, ta fita.

A rumfa kuwa biki ake. Mai Nasara ya sha babbar riga, 'yan lakwal sun yi layi suna kallon kunun kamar baƙon da ba su san sunansa ba. Kapiten na tsaye da jandarmomi biyu da Madam A'isha, ya kurɓa ya gyaɗa kai.

"Kullum haka kake dama musu?"

"Ranka shi daɗe, yau ma bai yi kauri ba, don gaggawa."

Sai aka ji guɗa ta tsaga kasuwa. Rakiya ta kutso cikin mutane, ƙwarya a hannu, goyo a baya. Jandarma ya tare ta, ta ce, "Bar ni, ɗana, bawana za a naɗa sarauta, ba ni zo in yi guɗa ba?"

Mai Nasara ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. "Ranka shi daɗe, taubashiyata ce, ba ta da cikakken hankali."

"Gaskiya ya faɗa, ranka shi daɗe," in ji Rakiya. "Amma kar a yi kuskure a naɗa yaron shago a bar mai shago. Wanga da kake gani ɗan aiki ne. Ga mai rumfar nan na goyo."

Ta kwance zane ta sauke Barira a kan benci. Yarinyar ta kasa zama sai da aka tallafe ta. Rakiya ta nuna ta da hannu ta ci gaba.

"Madarar shayi tata ce. Man fanke nata ne. Kunun da ka sha yanzu, ranka shi daɗe, kai ma baƙonta ne, ka yi mata godiya. Ba a taɓa uwar ɗaki mai kirki irin wagga ba: ita ke ciyar da direbobi tun daga nan har Tasawa, ita ta gina tumbin ga, dube shi, ko bikin suna aka yi a kansa ya ɗauka. Ita kuwa ga abin da take sha, ita da 'yan lakwal." Ta miƙa ƙwaryar. "A yi hankali, kar a ɗauka na alwala ne."

Wani ya fashe da dariya a baya, ya haɗiye ta. Madam A'isha ta riga ta duƙa a gaban yarinyar, tana duba ido da ƙafa. Ta ɗago ta dubi Zara'u. Zara'u ta nuna mijinta da baki. Mai Nasara ya nuna matarsa da hannu.

"Ranka shi daɗe, sha'anin tukunya na mata ne, ni ban..."

"Malam, kai ka ce doguwar hanya!"

Kapiten bai gane doguwar hanya ba, bai kuma tambaya ba. Ya juya ga yaran da ke layi ya ɗaga ƙwaryar. "Wanne kuke sha kullum?" Yara ba su san siyasa ba, duk suka nuna ƙwaryar Rakiya. Jatau direba, da ke zaune da kofin shayi a hannu, ya dubi kofin, ya dubi yarinyar, ya tuntsurar da shi a ƙasa ya tashi.

Kapiten ya miƙa wa Mai Nasara ƙwaryar. "Sha."

Ya sha.

"Ka ƙoshi?"

Mai Nasara ya duba fuskar sojan yana neman amsar da ta fi sauƙi. "Na ƙoshi, ranka shi daɗe."

"Madalla. Tunda yana ƙosarwa, shi za ka ci gaba da sha."

Aka tafi da shi bayan buro, aka ajiye shi kwanaki, kuma Zara'u aka sa ta riƙa dama masa kokon da hannunta, jandarma na tsaye kar ta yi kuskuren sa kauri. Waɗanda suka gan shi ranar da aka sako shi sun ce babbar rigar ce ta fito, shi yana biye a ciki. Aka kuma kafa doka: duk mai sayar wa yara abinci, sai ya ci daga tukunyar a gaban mutane kafin ya sayar.

Barira kuwa a motar likita aka kai ta Tasawa, Rakiya na rungume da ita. Da kumburin ya sace sai ga ainihin abin da ya rage: ƙashi da ido. Cokali-cokali aka riƙa ba ta madara. Sau biyu Rakiya na cire rai. Amma yarinyar tana da sauran shan ruwa, ta tashi.

Dokar Kapiten ba ta yi tsawon rai ba. Aka canza masa gari, wanda ya gaje shi bai damu da koko ba, tukwane suka fara komawa gidan jiya. Abin da ya hana su komawa gaba ɗaya ba soja ba ne. Rakiya ce ta ƙi komawa Kanambakashe, ta kama ɗaki a Mayahi, ta kafa tukunyarta a ƙofar lakwal, dab da rumfar bawanta. Kununta ba madara, gero ne kaɗan da ƙuli-ƙuli da garin wake, ranar da ta samu ta yi dambu da zogale. Ludayinta bai kai nasu girma ba, ribarta kuma ba ta taka kara ta karya ba. Amma yaro ya san abin da ke kai shi la'asar. In an sake su, sai su wuce sauran rumfuna da gudu kamar ba su gan su ba. Mai ƙosai ce ta fara zuwa a ɓoye tana tambayar yadda ake haɗin, sannan mai dambu. Daga ƙarshe har Zara'u ta aiko a sayo mata ƙuli-ƙuli, ta ce kar a faɗi ko na wane ne. Rakiya ta ƙara mata gyara, ta ce a gaishe da mai doguwar hanya.

Damina biyu bayan haka Salifu ya dawo daga kurmi. Gidan yayansa ya fara sauka, kamar yadda ya kamata, ya kawo masa rediyo da turmin shadda na godiyar riƙo. Mai Nasara ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Haba, ai ɗa na kowa ne. Mun dai sha wahala da ita, Allah ya sani." Ya ce yarinyar na wurin Rakiya ne don ta fi sabawa da ita. Duk unguwar an san abin da ya faru, amma ba wanda ya so a ce shi ya raba 'yan'uwa, sai kowa ya kama bakinsa.

Salifu ya iske ɗiyarsa a ƙofar lakwal, ta yi tsawo, gashi ya dawo baƙi, tana zaune a bayan Rakiya da 'yar ƙwaryar kunu. Ya durƙusa yana murmushi, idonsa ya cika.

"Barira, Babanki ne. Ba ki sam mini kunun?"

Yarinyar ta dube shi. Ta jawo ƙwaryar ta manna a ƙirji, ta rufe ta da hannu biyu, ta juya masa baya, ta shiga sha da sauri har tana ƙwarewa.

Salifu ya yi dariya don ya ɓoye abin da ya ji. "Ikon Allah! Uwarta ko loma ɗaya gare ta sai ta raba. Ina yarinyar ga ta koyo rowa haka?"

Rakiya ta ci gaba da juya tukunya, ba ta ɗago ba.

"Lakwal ta yi, a gidan yayanka. Zauna, bawana, ka aje jakar. Kunun ga da zafi, labarin kuma da tsawo, in ka gama ji sai ka je ka ga ko rediyon na kama tasha."